Tsohon Malami da Sabon Kayan Aiki: Waiwaye daga Rurum Tsohon Gari

Idan ana maganar tsohon malami a makarantun gwamnati na ƙasar Rano a yau, wato a Rurum Tsohon Gari da Rurum Sabon Gari da Saji da Zurgu da garuruwan Kibiya da ke maƙwabtaka da su, ba ana nufin waɗanda suka buɗe azuzuwan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya ba ne, wanda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976 kuma aka fi sani da UPE, domin ƙa'idar aikin gwamnati ta shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa ta sallami waɗannan tun tuni. Ɗalibansu ake nufi, yaran da aka rubuta a aji ɗaya a ƙarshen shekarun 1970, suka wuce kwalejojin horon malamai suka samu shaidar malanta mai daraja ta biyu, suka kama aiki a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, sannan da aka mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar da za a koyar da ita, da yawansu suka koma karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu a ƙarƙashin Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976. Su ne a yau hedimastoci da mataimakansu da manyan malaman azuzuwa, kuma a kansu ne guguwar kwamfuta da wayar hannu ta sauka lokacin da furfura ta riga ta fito.

Hukuncin da aka saba yanke musu gajere ne, cewa sun tsufa, kansu ya daina ɗauka, ba sa son canji. Wanda ya bi tarihin aikinsu daki-daki zai ga wannan hukunci bai yi musu adalci ba, domin babu wani rukunin ma'aikata a karkara da aka sauya wa manhaja da tsari da kayan aiki sau da yawa kamar su, kuma kowane karo sun bi. Abin da ya bambanta wannan canji da na baya abu biyu ne: kayan aikin ya fita daga hannun malami ya rataya a kan abubuwan da ba shi da iko a kansu, sannan ya juya tsarin girma da aji ya ginu a kai, ta yadda ƙarami ya zama shi ke nuna wa babba.

Kafin boko, da ma bayan zuwansa, kayan karatun ƙasar Hausa duk na gida ne. Kafinta ko masassaƙi ya fitar da allo, a fiƙe alƙalami daga gamba, a haɗa tawada da ƙaro, a wanke allon idan an haddace a sake rubutu. Makarantar boko, wadda Hanns Vischer da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, ta zo da littafi da fensir da baƙin allo, amma ba ta raba malami da ikonsa a kan kayan aikinsa ba. A makarantun karkara baƙin allo sau da yawa shafen siminti ne a jikin bango, kuma idan ya koɗe har alli ya daina fita, sai a daka gawayi ko a fasa tsohon batirin rediyo a ciro baƙin da ke cikinsa, a kwaɓa da ruwa, a sa manyan yara su shafe allon da tsumma ranar da za a tashi hutun mako, ya kwana ya bushe, ranar dawowa malami ya ja layi ya rubuta kwanan wata a kusurwa da kyakkyawan rubutun da aka hore shi a kai. Kwalejojin horon malamai sun koya musu ƙirƙirar kayan koyarwa daga abin da ke kusa, kamar ƙirga da tsakuwa da murafun kwalba, da zana taswira a bayan kwali, da gina tsauni da kogi da yumɓu a bakin aji. A garin da duwatsu suka kewaye irin Rurum, darasin labarin ƙasa ba ya buƙatar hoto, sai dai a leƙa ta taga. Duk abin da ya lalace a wannan tsari malami na iya gyara shi da hannunsa kafin a kaɗa ƙararrawa, kuma daga nan ne wani ɓangare na ƙimarsa yake fitowa.

Na'ura kuwa ba yau ta fara yi wa makaranta alkawari ba. An yi zamanin darussan rediyo na makarantu, an kafa Cibiyar Fasahar Koyarwa ta Ƙasa a Kaduna a 1977, sannan a farkon shekarun 1980, da aka shigo da tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, gwamnati ta sayo injinan koyar da sassaƙa da ƙira da aikin lantarki daga ƙasashen gabashin Turai ta raba wa makarantu. Sanannen abu ne cewa da yawa daga cikin injinan nan sun ruɓe a cikin akwatunan da suka zo, saboda babu wuta, babu ɗakin da za a kafa su, babu wanda aka horar ya sarrafa su. Malaman da ake magana a kansu suna ɗalibai lokacin da wannan ya faru, kuma sun gani da idonsu. Na'urar da ta zauna da gindinta a wancan zamani ita ce tafireta da injin gurza takarda, domin ba sa neman lantarki kuma suna biyan buƙatar da kowa ya san da ita, ta buga tambayoyin jarrabawa. Don haka idan tsohon malami ya ji an ce za a kawo kwamfutoci, ya tambaya wa zai sayi mai, wa zai gyara, wa zai yi gadi, ba taurin kai ke magana ba, gogewa ce.

Abin takaici shi ne ƙofar da fasahar zamani ta fara shigowa rayuwarsa. Ba ta ƙofar aji ta shigo ba, ta ƙofar ofis ta shigo, ɗauke da barazana. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, kuma malamai sun karɓe ta hannu bibbiyu kamar kowa, amma abin da ya biyo baya shi ne mayar da albashi banki, da lambar BVN da aka ƙaddamar a 2014, da tantance ma'aikata ta hanyar ɗaukar hoton yatsa, inda kuskuren harafi ɗaya a suna ko saɓani a ranar haihuwa kan iya tsayar da albashin mutum wata da watanni yana zarya tsakanin ƙauye da sakatariya da Kano. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015, sai malamin sakandare ya wayi gari yana shirya ɗalibai don jarrabawar da shi kansa bai taɓa zama ya yi irinta ba. A 2017 hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, ta fara jarrabawar cancanta ita ma ta kwamfuta, kuma a shekarar ce gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare gwajin da ya kai ga sallamar sama da 21,000, labarin da ya ratsa kowane ɗakin malamai a Arewa ko da yake ba gwajin kwamfuta ba ne. Wanda ya fara sanin abu a matsayin ma'aunin da za a iya korarsa da shi, da wuya ya so shi a karon farko.

Yana da kyau a tsaya a dubi wahalar a kusa, domin masu tsara horo sukan wuce ta. Hannun da ya shekara talatin yana riƙe alli ya saba da dannawa da ƙarfi, shi kuwa gilashin waya taɓawa kaɗan yake so, idan yatsa ya daɗe a kai sai wani abu dabam ya buɗe, idan ya goce sai rubutun da aka sha wahala a kai ya ɓace. Linzamin kwamfuta, wato ɗan abin da ake turawa a kan tebur don motsa kibiyar da ke kan allo, yana buƙatar ido ya kalli wuri ɗaya hannu yana aiki a wani wuri, kuma danna shi sau biyu a jere cikin sauri ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda bai taso da shi ba. Haruffan madannai ba a jere suke yadda ya koyar da su shekara da shekaru ba, ido ya fara rauni, tabarau kuma sai an je birni, umarnin da na'urar ke bayarwa duk da Turanci ne irin wanda ba ya cikin littattafan da ya karanta, kuma idan Hausa zai rubuta sai ya nemi inda aka ɓoye haruffa masu lanƙwasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi kaifin basira. Matsaloli ne na sabo, mako kaɗan na maimaitawa cikin natsuwa kan kawar da su, amma horon kwana biyu ko uku a babban zaure, inda mutum biyar ke rabon kwamfuta ɗaya kuma matashin da ya fi sauri shi ke riƙe da ita, ba ya kawar da komai sai ƙara wa dattijo tabbacin cewa abin ba nasa ba ne.

Sai babbar matsalar, wadda ba a cika rubuta ta a rahoto ba, wato kunya. A tarbiyyar Bahaushe ilimi daga sama yake gangarowa, ɗalibi yakan durƙusa ya gaida malaminsa, ba ya kiran sunansa gatsau, ba ya gyara masa magana a gaban mutane, kuma a ƙauye malamin makaranta ya daɗe yana zama mai karanta wa jama'a wasiƙa da cike musu takarda da fassara musu sanarwar gwamnati. Yau mutumin nan ne zai miƙa wa yaron da ya koya wa baƙi da wasali wayarsa ya ce ya duba masa abin da ya hana saƙo tafiya. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma gaskiya ne, sai dai faɗar karin maganar ta fi sauƙi a kan tsayawa gaban yara saba'in ana lalube suna kallo. Da yawa daga cikin abin da ake kira ƙin canji kare mutunci ne kawai, domin malamin ya san cewa ranar da aji ya fara yi masa dariya, riƙe shi zai yi wuya ko a darasin da ya fi kowa sani. Shi ya sa mafi yawan koyon da tsofaffin malamai suka yi a ɓoye suka yi shi, da dare a cikin gida a hannun ɗa ko jika, ko a ofishin hedimasta bayan an tashi tare da wani ƙaramin malami mai ladabi wanda ya san yadda ake nuna wa babba abu ba tare da an muzanta shi ba, irin wanda zai ce, Malam, ai kun sani, sai dai wurin ne suka sauya. Ga malamai mata abin ya fi nauyi, saboda aikin gida ya cinye yammacinsu kuma zama a shagon kwamfuta na kasuwa ba abu ne da ya dace da su ba, amma su ma ta hannun 'ya'yansu suka bi.

Kuma sun koya. Ba ɗakin kwamfuta ne ya kawo canjin ba, domin a makarantu da yawa darasin kwamfuta da aka sa a manhaja zane ne a baƙin allo, a zana akwati a rubuta sunayen sassansa yara su kwafa. Wayar da ke aljihu ce ta kawo shi, kuma ta hanyar da ta dace da al'adar baka. Saƙon murya na WhatsApp ya ɗauke wa dattijo wahalar madannai, sanarwar da a da sai an hau babur an kai kowace makaranta yanzu takan iso zauren hedimastoci cikin minti ɗaya, ana ɗaukar hoton jadawali ko sakamako a tura, ana karɓar bidiyon darasi daga wayar abokin aiki ba tare da an taɓa data ba, ko a kai ɗan katin ajiya wurin masu tura karatu da finafinai a loda. Shirye-shiryen da suka fahimci haka su ne suka bar alama. Shirin bunƙasa malamai na TDP, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2013, ya fara a Jigawa da Katsina da Zamfara kafin ya iso Kano da Kaduna, ya sa gajerun bidiyon koyarwa a cikin waya domin malami ya kalla shi kaɗai, ya maimaita yadda yake so, babu wanda ke ganin inda ya tsaya. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, har aka shafe fiye da wata shida, rediyo ce ta ɗauki nauyin karatu a Kano, kuma shirin koyar da karatu da lissafi na KaLMA da ake gwadawa a Dawakin Tofa da Wudil ya koma aika darussa ta rediyo da gajeren saƙo da saƙon murya. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, wanda amfaninsa ga ƙauye ya dogara ga abin da za a iya saukewa a ajiye.

Nan ne maganar ke komawa kan wuta da kuɗi. Rurum na kusa da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ruwanta ya raya noman rani a Bunkure da Kura da Kadawa, amma kusanci da ruwa bai zama wuta a aji ba. Malamin karkara yakan kai wayarsa wurin mai caji ne, a manna mata lamba a jera ta cikin sauran, ya biya daga aljihunsa, ya sayi data daga albashin da bai kai ƙarshen wata ba, wani lokaci ya fita bayan gari neman inda sabis ya fi ƙarfi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, tayar da janareta don darasi ɗaya ya fi ƙarfin kuɗin da makarantar firamare ke gani. Hasken rana ne mafita mafi kusa, kuma faifan sola ya yaɗu a shaguna da masallatai da gidaje, sai dai batir yana da ajali, kuma aikin da aka ƙaddamar ba a ware kuɗin canza batir ba zai bi sawun injinan shekarun 1980.

Akwai kuma tambayar da ta fi ta kayan aiki muhimmanci, wato me tsohon malami ke da shi wanda na'ura ba ta zo da shi ba. A jihar Edo, daga 2018, an raba wa malamai ƙananan kwamfutocin hannu masu ɗauke da darasi a rubuce kalma bayan kalma, malami ya karanta ya bi. Tsarin yana taimakon sabon malami da bai ƙware ba, amma yana da haɗari idan ya mayar da gogagge mai karanta umarni kawai. Wanda ya shekara talatin a gari ɗaya ya san yaron da ya zo bai karya ba, ya san wadda talla ke hana ta zuwa ranar kasuwa, ya san cewa da damina ta kankama rabin aji na gona, ya san kalmar da zai sauya da misalin da zai kawo daga kan dutse ko bakin fadama domin lissafi ya shiga. Ya kuma taso cikin al'adar ilimi da ke tambayar daga wa aka ji magana kafin a karɓe ta, kuma wannan ɗabi'a ta tantancewa ba ta taɓa zama abin buƙata kamar yanzu ba, lokacin da ɗalibin sakandare zai iya sa ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke tsara amsa kamar mutum ne ya rubuta, ta yi masa aikin gida cikin daƙiƙa, da daidai da kuskure a haɗe, shi kuwa bai iya bambance su ba. Damuwar da dattawan malamai ke nunawa game da satar amsa ta waya da raguwar kyawun rubutu da gajen haƙurin yara wajen karanta dogon shafi damuwa ce ta gaskiya, kuma kuskure ne a ɗauke ta a matsayin ƙorafin tsufa. Ƙaramin malami ya fi shi saurin yatsa, shi kuma ya fi sanin abin da ya cancanci a nuna wa yara, kuma makarantar da ta raba su biyun ta yi asara ta kowane ɓangare.

Lokaci kuma ba ya jira. Dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, abin da ke nufin cewa duk inda aka aiwatar da ita, waɗannan dattawa za su ƙara shekaru a aji. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, ya sa koyar da 'yan mata fasahar zamani cikin manufofinsa, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, hukumar WAEC kuma ta fara jarrabawa ta kwamfuta ga masu zama na kashin kansu a shekarar, kuma gwamnatin tarayya ta bayyana niyyar faɗaɗa tsarin zuwa ɗaliban makarantu. Yaron Rurum, ko na Tarai ko Fammar a Kibiya, zai zauna gaban na'ura ɗaya da yaron da ya taso a birni da kwamfuta a ɗakinsa, kuma wanda zai shirya shi shi ne malamin da ke gabansa yanzu.

Saboda haka ya kamata hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sassan ilimi na ƙananan hukumomin Rano da Kibiya su sauya salon horo. A kai shi cikin makaranta maimakon zauren birni, a yi shi da Hausa, a shimfiɗa shi kaɗan-kaɗan tsawon zango, a fara da wayar da malami ya riga ya mallaka, a haɗa kowane dattijo da ƙaramin malami guda da zai zauna da shi a keɓe, kuma a raba horon da duk wata tantancewa da ta shafi albashi ko ƙarin girma, domin mai tsoro ba ya koyo. A sa kuɗin caji da data da canjin batir cikin kasafin makaranta, a duba idon malaman da suka haura hamsin a ba su tabarau. Kwamitocin gudanar da makarantu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da 'yan asalin yankin da Allah ya ɗaukaka za su iya ɗaukar nauyin faifan sola da batir na makaranta guda ba tare da jiran Kano ko Abuja ba, kuma kafin su sayi komai, su fara zama da hedimasta da manyan malamansa su tambaye su abin da suke buƙata.